Ƙarƙashin Motar Surukina

Sunana Ashafa, garejina yana Limawa a cikin Dutse, kuma shekara goma sha huɗu na yi ina shiga ƙarƙashin motocin mutane ban taɓa jin ɗar ba, sai ranar da aka ce in duba motar Baffa. Ita ma ba motar ce ta ba ni tsoro ba, mai ita ne.

Baffa shi ne mahaifin matata Zaituna. Kada ma a tambaye ni sunansa, ba zan faɗa ba. Gidanmu da gidansu duk jikokin masu shanu ne, kuma ko da yake ni boko da baƙin mai sun cinye ni, abin da aka ɗora mu a kai yana nan daram: suruki ba a kallon idonsa, ba a cin abinci a gabansa, ba a aikensa, ba a nuna masa gazawa. Shekara bakwai da aurenmu, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa ba, ni a durƙushe ina kallon takalmansa, shi yana kallon bishiya. Zaituna kuma 'yar fari ce, ita kanta ba ya kama sunanta, balle ni. Idan zai ambace ni sai ya ce "mutanen Dutse", ko da ni kaɗai ne a wurin.

Motar kuwa, ɗansa Zuhair ne ya sayo masa ita daga Kwatano, a-kori-kura irin ta Amurka, ƙatuwa, taya huɗu a baya, tana zuƙar fetur kamar ba gobe. Da ita ake ɗaukar dusa da harawa, da ita ake kai bijimai kasuwa. Wata rana sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Zuhair ya kai ta wurin mai kwamfuta a Dutse, aka ce sensar da ke auna ƙarfin iskar cikin tankin mai ce ta lalace. Aka sayo sabuwa daga Kano, 'yar aba ba ta fi akwatin ashana ba. To, ina tsohuwar take, balle a cire ta? Bakanike biyu suka dudduba suka ce su ba su gan ta ba. Motar tana tafiyarta lafiya lau, amma Baffa mutum ne da idan saniya ta sunkuyar da kunne ba ya samun sukuni, fitilar nan ta tsaya masa a rai.

Saƙon ya bi hanyar da saƙonninsa suke bi. Ya faɗa wa Inna, surukata, Inna ta kira Zaituna a waya, Zaituna ta same ni ina wanke hannu ta ce, "Baffa ya ce ko mutanen Dutse za su leƙa motar nan."

Na ce, "Shi da bakinsa?"

Ta ce, "Da bakin wa kake so ya faɗa?"

Wallahi daɗi na ji. Karo na farko ke nan da ya nemi wani abu a wurina.

Ranar Talata na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur na kama hanyar Aujara, garin su Baffa. Damina ce, an kwana ana ruwa, gero ya kai ƙugu a gefen titi. Na tarar da motar a ƙofar gida, a kan yashi, Baffa kuma ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, taku biyar daga wurin, da butarsa da carbinsa da rediyo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa darbejiyar, ya ajiye makulli da sabuwar sensar a bakin tabarma, ya gyara zama ya ba motar baya. Gidan shiru. Zuhair yana ofis a Kiyawa, mazan unguwa duk suna gona.

Na buɗe bonet na bi kowace waya, babu. Na bi bututun da ya taso daga bakin zuba mai, babu. Na shiga ƙasa na ga wani baƙin akwati kusa da tanki da tiyo uku a jikinsa, na ce shi ke nan, ashe ba nan ba ne. Awa ɗaya da rabi ina lalube kamar sabon shiga, surukina yana jin duk wani motsina. Daga ƙarshe na ciro waya na nemo bidiyo. Wani Bature mai gemu, garejinsa ya fi ɗakin haihuwa tsafta, ya danna maɓalli mota ta tashi sama, ya nuna wurin da yatsa yana murmushi. A saman tanki take, a kan murfin famfon mai, inda ido ba ya kaiwa. Ya ce hanya biyu ce: ko a ɗaga bodin baya gaba ɗaya, ko a sauke tanki.

Ɗaga bodi ba zancensa. Wani mai walda a Kiyawa ya yi wa motar kejin ƙarfe saboda shanu, kuma don ya nuna ya iya, ya liƙe ƙafafun kejin da shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da duk jikin motar. Allah ya shirye shi. Saura sauke tanki.

Na ƙwanƙwasa tankin da sifana, sai na ji ya amsa da nauyi. Cike yake fal. Ashe an yi raɗe-raɗin mai zai yi wahala, Zuhair ya je ya ɗura masa har wuya, lita ɗari da talatin da wani abu. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ba a sauke tanki da mai a ciki, sai an zuƙe shi. Ni na sani, na sha yi wa mutane faɗa a kai. Amma zuƙewa tana son jarkoki biyar ko shida, jarkokin kuma suna cikin gida. In shiga cikin gidan surukai in tarar da Inna a tsakar gida? Ko in ce da Baffa ya tashi ya ɗauko mini jarka? Na kira Zuhair sau uku, wayarsa a kashe. In hau babur in koma Dutse kuwa, na bar dattijo a kan tabarma ke nan, gobe a ce mijin 'yar fari ya zo aiki ba shiri.

Sai na jefa wayar a kujerar direba, na ce wa kaina ai ba saukewa zan yi duka ba. Yatsa huɗu kawai, hannu ya samu hanya.

Na samo bulo a jikin katanga na ɗora jak a kai, na tokare tankin. Bel biyu na ƙarfe ne suke riƙe da shi. Na cire na baya, na sassauta na gaba, na sauke jak a hankali har rata ta buɗe tsakanin tankin da ƙarfen da ya gitta shasi. Na kwanta rigingine, na zura hannun dama ta ratar har gwiwar hannu. Na ji ƙura da busasshen kashin shanu, na ji tiyo, na ji gefen murfin famfo. Ina cikin haka bulon ya ce ƙas. Bulon yashi ne, ya kwana yana shan ruwa.

Jak ya zame ya faɗi can wajen ƙafafuna. Man da ke ciki ya kwarara baya gaba ɗaya, gindin tankin ya sauka da ƙara, gabansa ya ɗaga kamar sikeli, ya haɗa damtsena na ƙasa da ƙarfen shasi ya danne. Wata akuya da ke kwance a inuwar motar ta zabura ta gudu. Ihun ya taso mini har maƙogwaro, na datse shi da haƙori. Ban ma yi shawara ba, jikina ne ya yi da kansa.

Na juya kai. Ta ƙarƙashin motar ina hango bakin tabarma, da buta, da bayan farar rigar Baffa. Bai motsa ba.

Na ce to, bari in fitar da kaina kafin ya ankara. Na ja hannun, sai na ji kamar fatar za ta saɓule. Na sa gwiwa na tura gindin tankin sama, ko gezau, nauyin buhun gero ne da ƙari a wurin da ba ni da ƙarfi. Na miƙa ƙafa in jawo jak, yatsan ƙafata yana taɓa shi yana ƙara tura shi nesa. Na gwada sassauta notin bel ɗin gaba da hannun hagu, sifanar da ta dace tana cikin akwati, akwatin yana bakin taya ta ɗaya gefen. Wani tiyo ya tsage a sama, fetur ya fara ɗiga mini a kafaɗa, ɗis, ɗis, yana bin wuyana yana shiga riga.

Abin haushi, a nan ne yatsuna suka same ta. Suna can a saman tanki inda aka danne su, sai na ji ɗan akwati mai santsi da soket mai waya uku a ƙarƙashin ɗan yatsana na tsakiya. Ga ta nan, abin da bakanike uku muka rasa. Na shafa ta, na zage ta a zuci, na zagi Baturen da garejinsa, na zagi mai waldan Kiyawa.

Ina so a fahimce ni. Ni ba ni da gona. Shanunmu sun ƙare tun zamanin mahaifina. Hannun nan na dama shi ne abincin Zaituna da 'ya'yanmu biyu, kuma na san abin da yake faruwa da hannun da jini ya daina zuwa masa, na ga wani mai faci da taya ta danne. Duk wannan na sani ina kwance. Kalma ɗaya ce tsakanina da fita, in ce "Baffa". Na buɗe baki ya fi sau goma. Sai in tuna kakana da aka ce ya sha bulalar sharo yana duba madubi yana gyara gira, in tuna wannan ne aikin farko da surukina ya ba ni, in hango shi da rawaninsa yana rarrafe a cikin yashi saboda sakarcina. Sai bakin ya rufe. Na ɗauki ƙaramar sifana na buga shasi sau uku, wai ko zai juyo. To, mutumin da ya ji bakanike yana buga ƙarfe, me zai ɗauka? Aiki ake yi.

Rediyo ya gama labarai ya shiga gaishe-gaishe. Zafin ya tashi daga damtse ya hau kafaɗa, sannan ya fara yin abin da ya fi ba ni tsoro, ya fara raguwa. Na motsa yatsu, na ji sensar kamar ta cikin bargo nake taɓa ta.

Wajen sha biyu da rabi na ji muryar Inna daga zaure, ba ta fito ba, ta ce, "Ga na baƙo." Baffa ya tashi ya karɓo ƙwaryar fura. Na ga takalmansa suna tahowa, fararen takalman roba irin na makiyaya, har suka tsaya daidai kaina. Da na miƙa hannun hagu da na taɓa su. Ya sunkuya iya yadda hannunsa zai kai ƙasa, fuskarsa tana sama, ya ajiye ƙwaryar a gindin taya.

Na ji bakina ya ce, "An gode, Allah ya ƙara girma."

Takalman suka ɗan tsaya, sannan suka juya suka koma tabarma. Na bi su da ido ina jin kamar in fasa kaina da shasi don takaici. Wane irin mutum ne ni? Ƙuda suka taru a bakin faifan da aka rufe furar da shi, ni kuma ƙishirwa kamar ta kashe ni, ga warin fetur ya fara juya mini kai.

Daga nan lissafin lokaci ya ɓace mini. Na san inuwar motar ta matsa, rana ta sami ƙafafuna. Na san na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na san na ce wa yatsuna su motsa, ban ji ko sun motsa ba. Tururuwa suka hau wuyana na bar su.

Ladan ya kira Azahar. Baffa ya yi alwala, ina jin zubar ruwan butar a kan yashi. Ya naɗe tabarma, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce da darbejiyar, "An kira salla."

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Na ce, "Ina nan tafe, Baffa."

Ya daɗe a tsaye. Sannan na ga takalman sun nufi hanyar masallaci, a hankali, har suka sha kwana.

Yana ɓacewa na saki murya. "Jama'a! A taimaka!" Amma muryar da ta fito ba tawa ba ce, wata 'yar shaƙaƙƙiya ce da fetur ya cinye, ga lasifikar masallaci tana ta sanarwar ɗaurin aure da za a yi ranar Juma'a. Ko Inna ta ji, ko ba ta ji ba, ban taɓa tambaya ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka sosai irin na yara, da majina da komai. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina ya fi tsoron yawa.

Ana sallame salla sai ga takalman sun dawo, su kaɗai, da sauri. Wannan karon ba su tsaya ba. Na ga gwiwoyi sun sauka a yashi, na ga hannu, sai ga fuskar Baffa a ƙarƙashin mota, rawaninsa ya goge da shasi ya karkace. Shekara bakwai, ranar na fara ganin ƙwayar idonsa. Ya dubi hannuna, ya dubi tankin.

Ya ce, "Me zan yi?"

Na ce, "Jak ɗin can, Baffa. A samo katako a sa a ƙarƙashinsa."

Ya ciro ƙyauren wani tsohon akurki ya shimfiɗa, ya ɗora jak, na nuna masa inda zai tokara da yadda ake bugawa. Dattijo mai shekara saba'in, kwance a cikin yashi da fetur da farar riga, yana buga jak. Gindin tankin ya tashi, gabansa ya sauka, hannuna ya faɗo kan ƙirjina kamar ba a jikina yake ba. Ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi, ga sawun ƙarfe ya nutse a ciki. Duka aikin bai kai minti uku ba.

Wani maƙwabci ne ya kawo mu, ni da Baffa, asibiti a Dutse a motarsa. Ranar aka shiga da ni tiyata, aka tsaga damtsen daga wuyan hannu zuwa gwiwa don kumburin ya samu wurin fita. Zaituna ta ce mini Baffa bai koma Aujara ba, yana kan benci a baranda, ya ƙi shigowa ɗakin kuma ya ƙi tafiya.

Rana ta biyar likitar, Dakta Najwa, ta zo buɗe bandeji. Ta ce a kira wanda ya kawo ni, tana da tambaya. Baffa ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon silin. Zaituna ta ja mayafi ta koma lungu.

Likitar ta ce, "Awa nawa hannun ya yi a danne?"

Na ce, "Zai kai uku."

Ta ɗago daga takardar. "Uku? A daji abin ya faru?"

"A ƙofar gida ne."

"Babu kowa a kusa?"

Ina shirya ƙaryar da zan yi, sai Baffa ya ce, "Ina wurin."

Ta ce, "Baba, ba ku ji komai ba ke nan?"

Ya ce, "Na ji. Tun faɗuwar abin na san ba lafiya ba, na ji yadda numfashinsa ya sauya." Har yanzu silin yake kallo. "Na ce idan na leƙa na same shi a halin da ba ya so in gani, na kunyata shi. Na jira ya kira. Da bai kira ba, na ce bari in ba shi wuri, ko ya fita ba idona."

Zaituna ta yi wani sauti a cikin mayafi. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, ta ce, "Awa uku, Baffa? Ku biyu, kuna jin numfashin juna?"

Ni dai na rasa ko haushinsa nake ji ko tausayinsa, don abin da ya hana shi leƙowa shi ne ya hana ni kira.

Dakta Najwa ta ce da a cikin awa ta farko aka cire shi, da yanzu maganar ƙujewa kawai muke yi. Ta gama warware bandejin, ta juya tafin hannuna sama, ta ciro biro daga aljihunta ta ɗora a kai.

Ta ce, "Riƙe."

Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na aika wa yatsun. Babban yatsa ya ɗan karkata. Sauran huɗun suna nan a buɗe yadda ta ajiye su.

"Sake gwadawa, Malam Ashafa."

Na sake. Biron ya gangara ta gefen tafin, ya faɗi ƙasa, ya mirgina har bakin ƙofa. Baffa ya sunkuya ya ɗauka. Ya tsaya da shi a hannu, ya rasa wanda zai miƙa wa.